Ciwon fankiriyas da baje kolin farko na ƙanena

Ƙanena mai zane ne, kuma shekara 7 ke nan yana fama da kumburin fankiriyas. Ya yarje mini in ba da labarinsa bisa sharaɗin kada in kama sunansa. Ni yayarsa ce, aikin jinya nake yi, don haka na ga abin ta fuskar asibiti, na kuma gan shi a tsakar gida. Na rubuta ne saboda mai irin wannan lalura da ke da wata babbar rana a gabansa, ko baje koli ko biki ko jarrabawa, yana kwana da tsoron kada ciwo ya tashi masa a bainar jama'a.

Fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Mutane da yawa suna ce mata saifa, amma saifa daban take. Aikinta biyu. Tana tsiyaye ruwan narka abinci, fiye da lita 1 a kullum, zuwa cikin ƙaramin hanji, kuma ita ce ke samar da insulin mai daidaita sukari. Wasu sinadaran da ke cikin ruwan nan an halicce su ne kada su farka sai sun isa hanji. Idan suka farka tun suna cikinta, ita kanta suke fara ci. Shi ya sa ciwon ke tsayawa a ƙahon zuciya ya huda har gadon baya, kamar an soka tsinke ta gaba ya ɓullo ta baya.

Shekara 2 ya yi ana ce masa olsa ce. Yana karatun zane a Zariya a lokacin, duk sanda ciwon ya motsa sai ya je kemis a ba shi farin ruwan olsa da ƙwayar rage zugi, ya lafa kwana biyu ya dawo. Sai da aka yi wata babbar sallah, ya ci soyayyen nama da kayan ciki, cikin dare Umma ta same shi durƙushe a kan gwiwoyinsa, goshi a kan filo, kamar mai sujada, gumi ya jiƙe rigarsa. Ya yi amai sau 5, aman bai rage masa komai ba. Da aka ce ya miƙe rigingine sai ya saki ƙara. Wannan zaman na duƙawa gaba, da kasa kwanciya a kan baya, alama ce da ya kamata kowane mai jinya ya riƙe. Mai olsa ba kasafai yake haka ba.

Likitoci suna tabbatar da ciwon idan aka samu 2 cikin abubuwa 3: irin wannan zugin, ko gwajin jini na lifes ko amiles, sinadaran narka abinci da fankiriyas ke samarwa, ya haura ninki 3 na iyakarsa, ko hoton ciki ya nuna kumburin. Lifes ya fi aminci, domin amiles kan sauka cikin kwana 3 zuwa 5, shi kuwa lifes kan kai mako 1 ko 2 a sama. Sikanin na yau da kullum yana nuna tsakuwar matsarmama sarai, amma iskar hanji kan rufe fankiriyas ɗin, don haka sai da aka yi masa hoton siti sikan aka ga tsakuwoyi jere a cikin bututunta. Wato ciwon ya riga ya zama zaunanne. Ga mai zaunannen ciwo kuma, a sani, lifes na iya fitowa daidai alhali yana murƙususu, saboda tsokar ta ƙanƙance ba ta da sauran sinadarin da za ta zubar a jini. Na sha ganin an sallami mara lafiya da cewa gwajinsa lafiya lau.

Tambayar farko da aka yi masa ita ce ko yana shan giya. Hakkin likita ne ya tambaya, tunda giya da tsakuwar matsarmama su ne manyan sabubba biyu a duniya. Abin da ya ƙona masa rai shi ne yadda maganar ta bi dangi, har wasu suka ce dama masu zane ai sai a hankali. Bai taɓa sha ba. Sabubban ba biyu ne kaɗai ba: akwai yawan kitse a jini, akwai yawan kalsiyam, akwai wasu magunguna, akwai gado. Akwai kuma nau'in da ke kama matasa a ƙasashe masu zafi, wanda aka fi sani a jihar Kerala ta Indiya, an kuma gan shi a Najeriya, yana zuwa da manyan tsakuwoyi da ciwon sukari. Sigari dai yana sha a da, kuma sigari na hanzarta lalacewar fankiriyas. Ya bari a wannan kwanciyar, bai sake komawa ba.

Bayan sallama sai rama ta biyo. Kilo 11 ya zubar a wata 8. Bayan gidansa ya koma fari-fari mai maiƙo, yana yawo a saman ruwa, da wari mai tsanani. Wannan yana nufin kitsen da yake ci wucewa kawai yake yi. Sai aka ɗora shi a kan kafson sinadarin narka abinci, wanda aka fi sani da Creon. Ma'aunin da ake farawa babba da shi shi ne yunit 40,000 zuwa 50,000 a babban cin abinci, rabin haka a ɗan taɓa-ka-lashe. Yadda ake shan sa ne ke sa ya yi aiki ko ya tashi a banza. Ana haɗiyar rabi da lomar farko, sauran a tsakiyar ci. Ba a tauna shi, domin 'yan ƙwayoyin ciki suna da rufi mai kare su daga tsamin tumbi, kuma taunawa na sa baki ya yi gyambo. Ba a kora shi da shayi mai zafi. Wanda ya sha minti 30 kafin abinci, ko bayan ya wanke hannu, kusan asarar kuɗinsa ya yi. Sannan zafi na kashe shi. An rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25, mu kuwa a Kano watan Afrilu ya kan haura 40. Akwai lokacin da maiƙon ya dawo wa ƙanena, muka yi ta neman dalili, ashe kwalbar ce yake bari a aljihun mota.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa Musulmi ba sai ya karanta da kansa hankalinsa ya tashi: daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa wannan magani. Ƙanena ya daina sha na mako 3 da ya gano. Sai da ya zauna da malaminsa, malam ya karanto masa aya ta 173 a Suratul Baƙara kan wanda lalura ta tilasta, ya tambaye shi ko akwai madadi mai aiki irin nasa, ya ce babu, malam ya ce to ya sha. Ina roƙon abokan aikina su riƙa faɗin wannan tun ranar farko, su bar mutum ya je ya yi tambaya da natsuwa. Azumi ma haka aka yi. Da ciwon sukari ya shigo a shekara ta 4 aka sa shi allurar insulin, ga cin abinci sau 6 a yini, likita ya hana shi, malam ya ce ya ciyar.

Abincinsa ƙanana ne, sau 5 ko 6. Kunun gero ba gyaɗa, tuwon shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa mai ɗan mai kaɗan, gasasshen kifi, kaza da aka ɗaye fatarta, farfesun da aka bari ya huce aka kwashe man sama, dafaffen dankali, alale. Ƙosai, soyayyar awara, tsire mai ƙuli da mai, man shanu a kan tuwo, waɗannan su ne suka fi tayar masa. Cokalin cin abinci 1 na man gyaɗa yana da kitse giram 14 ko kusa da haka, saboda haka Umma ta daina tsiyayawa da ido, da cokali take aunawa. Amma kada a ɗauka gudun mai gabaki ɗaya ne magani. Wanda ke shan kafsonsa daidai yana buƙatar kitse, in ba haka ba ramar ta ci gaba, bitamin A da D da E da K su yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni.

A haka aka ba shi damar baje kolinsa na farko shi kaɗai, zane 18, a wani zaure a Abuja. Ranar da aka kira shi ya yi murna na awa 1, daga nan ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, in ya tashi ranar buɗewa fa?" Akwai wani nauyin kuma. Duk wanda ya fito daga sashen zane na Zariya yana jin sunayen Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo a kansa, ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suka ce sai an haɗa fasahar gida da ta Turai. Shi abin da yake zanawa marinar Ƙofar Mata ce, da zankwayen soraye, da dagin bangon tsofaffin gidaje. Tsoronsa kada a ce ado ne kawai na 'yan yawon buɗe ido.

Matsalar fargaba ga mai wannan ciwo ita ce wuri ɗaya suke zama. Dukansu ƙahon zuciya suke riƙewa, dukansu suna kawo tashin zuciya. In fargaba ta murɗa masa ciki sai ya zaci ciwon ne, sai tsoro ya ƙaru, sai cikin ya ƙara murɗawa. Sannan fargaba tana ɓata tsari: a tsallake abinci ana aiki, a cika ciki da dare, a manta kafso, a manta ruwa, a raba dare ana fenti. Abin da ya fi taimaka masa shi ne wani ɗan littafi da yake rubuta lokaci, abin da ya ci, da ƙarfin zugi daga 0 zuwa 10. Bayan wata 2 shi da kansa ya ga bambancin. Na fargaba yana zuwa ne da tunani, ko kiran waya daga zauren, yana kai-kawo, ba ya taɓa baya, yana sauka in ya yi tafiyar minti 10 ko ya yi alwala ya zauna yana jan numfashi a ƙirga 4 a sake a ƙirga 6. Na fankiriyas kuwa tsayayye ne, yana hawa minti 15 zuwa 30 bayan ci, yana huda baya, kwanciya rigingine na ƙara shi, hira ba ta ɗauke hankali daga gare shi.

Suka zauna da likitansa suka yanke ƙa'ida, aka rubuta a bangon littafin. Zugi na 1 zuwa 3, ya ci gaba da aiki ya sauƙaƙa abinci. Na 4 zuwa 6, ya ajiye buroshi, ya koma kan kunu da romo da ruwa kaɗan-kaɗan, farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, ya riƙa auna sukari. Na 7 zuwa sama, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ido ya yi shawara, ko fitsari ya ragu, ko numfashi ya yi sama, asibiti kai tsaye ba shawara. Diklofenak da ibufurofen ba ya sha sai da izini, saboda tumbi da ƙoda, balle mai amai da jikinsa ya bushe. Tiramadol kuma mun yi magana a kansa ɓaro-ɓaro. Mai zaunannen ciwo yana cikin waɗanda suka fi saurin faɗawa hannunsa, kuma mun ga abin da ya yi wa matasan unguwa. Ba ya shan wanda ba likita ya rubuta ba, da adadi, da ranar dainawa.

Shi kansa aikin zanen an sake masa fasali. Ya bar fentin mai ya koma akirilik, domin warin tafentain na tayar masa da zuciya, kuma fentin mai sai ya yi wata 6 kafin a shafa masa banish, akirilik kuwa minti 20 zuwa 30 ya sha iska. Da hunturu ma yana bushewa tun a kan faranti, sai ya riƙa fesa masa ruwa. Muhimmin abin da ya yi shi ne ya sa wa kansa wa'adin gamawa mako 3 kafin ranar da zauren ya ba shi. Ya ce wannan mako 3 na ciwo ne, in bai zo ba riba.

Ya zo. Saura kwana 12 a buɗe, da asuba, zugi na 8, ba tare da ya karya ko ɗaya cikin ƙa'idojin ba. Wannan ciwo kan yi haka, kuma ina so masu jinya su daina tsare mara lafiya da "me ka ci?" kamar wanda ya yi laifi. Aka kwantar da shi, aka sa ƙarin ruwa na Ringa, aka ba shi maganin zugi ta jijiya. Washegari da aman ya tsaya aka fara ba shi kunu. A da akan hana ci na kwanaki da sunan hutar da fankiriyas, yanzu an gano fara ci da wuri, cikin awa 24 in mutum zai iya, ya fi. Ba a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tunda babu alamar su, kuma haka ya dace. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan tashin masu sauƙi ne, suna lafawa cikin mako. Kwana 4 ya yi. Da ya fito zanensa 18 suna jingine a bango a gama.

Ɗaurin kaya abokansa 2 suka yi, yana zaune a kujera yana faɗa. Fuskar akirilik tana yin danƙo a zafi, saboda haka ba a ɗora mata ledar nan mai ƙuraje kai tsaye, in ba haka ba sai a buɗe a tarar da tabon ƙurajen a jikin zanen. Ana fara rufe ta da takarda mai santsi marar mannewa, sannan ledar, ƙurajen suna kallon waje, a sa kwali a kusurwoyi 4. A mota tsaye ake jera su, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani, don ƙarfen ratayar wani kada ya huda kyallen wani. Ba a kwantar da su a ɗora kaya a kai.

Ratayewa ma lissafi ne. Tsakiyar kowane zane tana zama santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai kallo. Zanen marinarsa tsayinsa 90 ne, rabinsa 45. Aka ja wayar baya sama kamar tana rataye, aka auna daga nan zuwa saman firem, 10. Sai 145 a tara da 45 a cire 10, ƙusa a 180. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna wayar a sake, sai zane ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa. Zoben da ke riƙe wayar ana ɗaura shi a kashi 1 cikin 3 daga sama, in ya yi ƙasa zanen ya rusuno. Bangon siminti ba ya karɓar ƙusa, sai an huda an sa fisha da sukuru, kuma duk zanen da faɗinsa ya kai mita 1 rataya biyu ake masa don kada ya karkace. Fitila tana sauka a karkace, kamar digiri 30, in ta miƙe da yawa banish ya riƙa ƙyalli ya rufe launi. Kowane zane da 'yar takardarsa: suna, shekara, irin fenti, girma. An yi yarjejeniyar kason zauren a rubuce kafin a sauke kaya daga mota. Ban bar shi ya hau tsani ba ko sau 1, mutumin da ya fito asibiti mako guda kuma yana allurar insulin ba shi da abin yi a kan tsani.

Jakar ranar buɗewa ni na haɗa. Kafso a cikin ƙaramar kula, nesa da ƙanƙara. Insulin haka, domin daskarewa na lalata shi kamar yadda zafi ke yi. Na'urar awon sukari, sukari a ƙulle, filas na kunu, dafaffen dankali da kaza, gorar ruwa, farasitamol, da takarda mai ɗauke da sunan ciwonsa da magungunansa da asibiti mafi kusa. Ya ci abincinsa awa 2 kafin taro don kada ƙamshin samosa da soyayyun kayan da ake zagayawa da su ya ja shi. Muka sa kujera a wani ɗan ɗaki bayan zauren, muka gaya wa mai kula da wurin dalili. Jawabinsa ya rubuta a kati, jimla 6, ya maimaita shi a gaban Umma har ta haddace. Ya kuma shirya amsar tambayoyi 3 da kowa ke yi: me wannan ke nufi, kwana nawa ya ɗauke ka, nawa ne.

Saura minti 20 a fara, na ga katin yana rawa a hannunsa. Gumi ya tsatsafo a goshinsa, leɓensa ya yi fari. Ya ce, "Yaya, tsoro ne, bari in yi numfashin nan." Na ce a'a, kawo yatsa. Na'ura ta nuna 64. Sukarinsa ne ya faɗi. Bayan fargaba da tashin ciwon, wannan shi ne na uku, yana shigar burtu da kamannin fargaba, kuma ya fi su gaggawa. Ciwon sukarin da fankiriyas ke kawowa yana da saurin faɗuwa, domin sinadarin da ke ɗaga sukari in ya sauka, gulukagon, shi ma daga cikinta yake fitowa, shi ma ya ragu. Ya yi allurarsa daidai, amma ya ci rabin abincin saboda zullumi, ya kuma yi ta zirga-zirga. Duk abin da ya gaza 70 ana ba da sukari giram 15, wato ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa. Ba a ba da cakulan ko madara, kitsensu na jinkirta shigar sukarin. Da muka sake aunawa 92. Ya ci sauran dankalin da kafsonsa, ya wanke fuska, ya gyara hularsa.

Ya fita ya karanta jimlolinsa 6. Muryarsa ta ɗan sarƙe a ta farko, ta biyun ta fita sosai. Wani dattijo ya daɗe a gaban zanen marina, hannuwansa a baya, sannan ya juyo ya ce mahaifinsa marini ne, kuma shuɗin da ke hannun mutumin cikin zanen, wanda ya tsaya a wuyan hannu ya yi duhu a gindin farce, haka na mahaifinsa yake har ya rasu. Ƙanena ya tsaya da shi kusan minti 10. Sau 2 ya shiga ɗan ɗakin nan ya zauna ya sha ruwa, babu wanda ya lura. Kafin a tashi an liƙa jan ɗigo a takardun zane 5, alamar an saye.

Ya kwana 2 bai fita ba bayan haka, mun riga mun sa su a lissafi. Littafin ya nuna zugi na 3 a daren buɗewa, na 2 washegari. A mako na gaba ya koma wurin likitansa, aka rage masa insulin na rana a duk ranar da zai yini a tsaye, aka kuma rubuta masa sabon hoton ciki don a duba ko tsakuwar da ke bakin bututun za ta ciru ta hanyar na'urar da ake zurawa ta baki. Alhamdu lillahi, ya mayar da kilo 7 cikin 11. Ya ja sabon kyalle a kan katako, yana jiran ranar hoton.